Gyara Dabam, Kwaskwarima Dabam

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana a kan wani al'amari wanda ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, ni da 'yan'uwana masu sana'ar safiyo, watau awon ƙasa. Al'amarin kuwa shi ne rigimar da ke yawan tashi tsakaninmu da dillalan da ke sayar mana da tsofaffin kayan awo, waɗanda su ke cewa an gyara an sabunta. Watakila wani mai karatu ya ce, ina ruwan malamin makaranta ko akawu da cinikin 'yan safiyo? To, ina roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, gama duk wanda ke da gida, ko gona, ko fegi, maganar nan ta shafe shi, ko da bai taɓa leƙa idon na'urar awo ba.

Da farko bari in bayyana irin kayan da na ke magana a kansu, saboda waɗanda ba su sani ba. Akwai lebur, wanda a ke ɗorawa bisa ƙafa uku a auna tudu da gangare da shi, domin aikin hanya da magudanar ruwa da harsashin gini. Akwai tiyodolait, mai auna kusurwa. Akwai babbarsu, wadda 'yan sana'a ke kira total-siteshan, ita kuwa ta haɗa awon kusurwa da awon nisa wuri guda. Ta kan harba haske zuwa wani madubi da yaro ke riƙe da shi can nesa, hasken ya komo, ta lissafta tsawon da ke tsakani. Sa'an nan akwai na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam ta faɗi inda ta ke tsaye a bayan ƙasa. Kayan nan daga ƙetare a ke kawo su, daga Suwizalan da Jamus da Japan da Amurka da Sin. Sabuwar total-siteshan kuɗinta miliyoyin naira ne, saboda haka da yawa daga cikin ƙananan ofisoshi, da samarin da suka fito makaranta, ba su da mafita sai gwanjo.

Sayen tsohon abu ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma akwai wani hali na kayan awo wanda ya raba su da sauran kayan gwanjo. Mota in ta lalace, sai ta ƙi tashi, ko ta yi ƙara, ko ta yi hayaƙi, kowa ya gani. Na'urar awo kuwa in ta lalace ba ta yin ko ɗaya. Za ta kunna, fuskarta ta yi haske, ta ba ka lamba tsaf har da 'yan milimita, alhali kuwa lambar ƙarya ce. Ku dubi ƙanƙantar abin da mu ke aunawa. Da'ira digiri 360 ce, kowane digiri minti 60, kowane minti sakan 60, watau sakan 1,296,000 ke nan a da'ira guda. Kuskuren sakan 1 a nisan kilomita 1 ya kan ba da wajen milimita 5. Kuskuren minti 1 kuwa ya kan ba da santimita 29, kusan ƙafa guda. Ba idon da zai dubi na'ura bisa tebur ya gane ta goce da minti guda. Shi ya sa sayenta ba tare da gwaji ba ya zama cinikin biri a sama, ko da mai saye ya riƙe ta da hannunsa ya jujjuya.

Abin da ya ƙara wa rigimar yawa a zamanin nan shi ne kayan da kansu sun sake hali. A shekarar 1921 wani gwanin ƙira mai suna Heinrich Wild ya kafa ma'aikata tare da abokansa a garin Heerbrugg na ƙasar Suwizalan, inda aka riƙa ƙera wani tiyodolait mai suna T2, wanda ya yi suna a duniya don ƙarko da gaskiyar awo. Irin waɗannan na da, ƙarfe ne da gilashi da ɗan maiko. In ɗaya ya yi datti ko saitinsa ya goce, gwanin gyara mai haƙuri ya kan buɗe shi, ya wanke, ya sa mai, ya daidaita, ya sake yin shekaru yana aiki. Amma tun daga wajen shekarun 1970 aka shiga cusa lantarki a cikin kayan awo, har ya zama na yanzu cikinsu ƙananan kwamfutoci ne. Gyaran irinsu yana bukatar kayan canji na ainihi da manhajar gyara, waɗanda galibi sai a hannun kamfanin da ya ƙera da wakilansa a ke samunsu. Ga shi kuma kamfanonin sun yi ta haɗewa. Wild ya haɗu da Leitz a 1987, suka ɗauki Kern a 1988, sunan ya koma Leica a 1990, Hexagon ya saye sashen kayan awon a 2005, Topcon kuma ya saye Sokkia a 2008. Kowane kamfani kuwa, in samfuri ya tsufa, rana ta kan zo da zai daina yi masa kayan canji. To, wanda ya ce ya sabunta na'urar da aka daina yi wa kayan canji, ai ya kamata a tambaye shi, da me ya sabunta ta?

Gyaran gaskiya sananne ne. A kan buɗe na'ura a ɗaki marar ƙura, a wanke gilasanta, a sake mai a wuraren da ta ke juyawa, a canja robobin da ke hana ƙura da ruwa shiga, a canja ɗan batirin ciki in ya gaji. Sa'an nan a ɗora ta gaban na'urar gwaji a daidaita saitin kusurwarta, a fita da ita layin da aka san tsawonsa a gwada awon nisanta. Daga ƙarshe a rubuta takardar saiti, mai ɗauke da lambar da aka buga a jikin na'urar, da kwanan wata, da sunan wanda ya yi aikin, da abin da aka samu kafin gyara da bayan gyara. Kwaskwarima kuwa ita ce a goge jiki, a shafa fenti, a liƙa sabon tambari, a sa ta a sabon akwati. Duka biyun suna ɗaya a ke kiransu da shi a kasuwa, wai gyararriya, kuɗi ɗaya kuma a ke nema. Daga nan rigima ke tasowa.

Ba jita-jita na ke kawo muku ba, gani ya kori ji. Shekarun baya ofishinmu ya sami aikin yanka fegi-fegi a bayan gari, na'urarmu kuwa ta tsufa ainun, sai na nemi wata a wurin wani dillali a wani babban gari da ke nesa da mu. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba tozarta mutum na zo yi ba. Kafin in biya, waya ba ta ƙara sau biyu sai ya ɗauka. Ya ce mini, "Ranka ya daɗe, wannan ai sabuwa ce, sunan tsohuwa kawai gare ta." Na ce to, madalla, amma a rubuta mini a jikin rasit cewa ina da kwana 14 na gwaji, in ta kasa in mayar in karɓi kuɗina. Ya yi dariya, ya ce ai ba za a kai ga haka ba, amma dai ya rubuta ya sa hannu.

Da ta iso, ga akwati sabo ful, ga jiki yana ƙyalli, har yaranmu suka taru suna kallo. Na fita da ita fili da sassafe, na bar ta ta sha iska, na kafa ta, na auna kusurwa zuwa wata alama a jikin bango mai nisa, na juya fuskarta na sake aunawa. Awon biyu ya kamata su bambanta da digiri 180 daidai. Ba su yi ba. Wannan kaɗai bai tayar mini da hankali ba, gama kuskuren da ke tsaye wuri ɗaya a kan iya gyara shi. Sai na maimaita har sau goma, kowane karo da irin tasa amsa. Kuskuren da ke yawo haka shi ne ciwo, don yana nuna wani abu ya cinye ko ya saki a ciki. Na kai ta wani layi da mu ka daɗe da sanin tsawonsa, ta rage shi da 'yan santimita. Batirin da aka ce sabo ne bai kai hantsi ba ya mutu. Da na ɗauko takardar saiti na kara lambarta da wadda ke jikin na'ura, ashe ba su dace ba. Takardar wata na'ura ce dabam aka sako a cikin akwatin.

Daga nan fa waya ta sake hali. In na kira sai yaro ya ɗauka ya ce, "Yallaɓai, maigida ya fita, in ya komo zai kira ka." Gobe a ce ya tafi banki, jibi a ce ya yi tafiya. Ran nan da na same shi sai na lura "ranka ya daɗe" ta faɗi a hanya. Ya ce, "Malam, lafiya lau ta bar hannuna. Ko dai direba ya buga ta, ko kuwa zafin garinku ne ba ta so." Na ce, "Alhaji, in direba ne ya buga ta, shi ne kuma ya canja lambar da ke kan takarda?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in aiko da ita a duba, amma kuɗin mota nawa ne, zuwa da komowa.

Na aika. Ta yi wata biyu a can, mu kuwa muna hayar na'urar wani kullum, don mai aiki ba ya jiran rigimarmu. Ta komo da sabuwar takarda, wannan karon lamba ta dace, amma ciwon yana nan yadda ya ke. Sai na gayyaci mutum biyu daga cikin dattawan sana'armu, mu ka maimaita gwajin a gabansu, mu ka rubuta kowane awo, suka sa hannu. Na aika masa da kwafe tare da hoton rasit ɗin nan, na gaya masa a cikin ladabi cewa in mako ya zagayo ban ji komi ba zan kai ƙara. Kafin makon ya cika kuɗina suka komo, ban da na mota da na haya, waɗanda suka bi ruwa. Ku duba fa, jama'a, ba yawan magana ne ya karɓo mini haƙƙina ba. Layi biyu ne a jikin rasit, da takardar awo mai shaidu.

Wani matashi ɗan'uwanmu a sana'a bai sami wannan sa'a ba. Ya tara abin da ya tara, mahaifinsa ya cika masa, ya sayi irin wannan na'ura a wani wuri, rasit ɗinsa kuwa an buga a ƙasansa cewa kayan da suka fita ba su komowa. Ya yi watanni yana aiki da ita, yana kafa turaku. Sai ran da maƙwabcin wani da ya yi wa awo ya kawo nasa ɗan safiyo, awo ya ƙi haɗuwa, ga shi an riga an ja katanga. Mutum biyu da suka yi shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya, sai ga su gaban alƙali a kan abin da bai kai kamu guda ba. Yaron nan ya koma wurin dillali, aka nuna masa ƙasan rasit. Wa aka zaga a gari? Shi. Domin tun da aka kafa hukumar rajistar masu safiyo ta Nijeriya, watau SURCON, a 1989, sa hannun ɗan safiyo mai rajista shi ke tsaya wa taswirar fili, kuma bisa taswirar nan a ke ba da takardar mallaka. Sunan dillali ba ya kan taswira, ba ya kan turken siminti, ba a kiransa kotu ranar shari'ar iyaka. Ya ci ribarsa, hasarar kuwa ta faɗa kan mai awo da mutum biyu waɗanda ko sunan dillalin ba su taɓa ji ba.

Amma fa kada a ce na ɗora wa dillalai laifi duka. Gaskiya ɗaya ce, akwai ƙararraki da yawa da a ke kai musu waɗanda ba laifinsu ba ne. Madubin da ke mayar da haske iri-iri ne, wani lissafinsa sifiri, wani a kan cire masa milimita 30. In ba a gaya wa na'ura irin madubin da a ke aiki da shi ba, kowane awo zai goce da santimita 3, alhali lafiyarta ƙalau. Haka kuma zafin iska ya kan taɓa awon nisa, kowane digiri 1 na zafi wajen milimita 1 a kilomita. In an bar na'ura a kan digiri 15 na ƙasar sanyi, aka yi aiki da ita a zafin digiri 40 na watan Afrilu, kuskuren zai kai wajen santimita 2 da rabi a kilomita. Wata na'urar ta kan zo an saita ta bisa ƙafa maimakon mita, wata kuwa bisa lissafin waɗansu ƙasashen Turai da ke raba da'ira 400 maimakon 360. Tsofaffin taswirorin ƙasar nan an gina su ne bisa ma'aunin Minna, GPS kuwa da ma'aunin duniya ya ke aiki, bambancin da ke tsakaninsu ya wuce mita 50. Wanda bai juya lissafin ba sai ya ce an sayar masa da mushe. Har wa yau, doguwar tafiya a mota bisa hanya mai gargada ta kan gotar da saiti da gaske, shi ya sa masu ƙera kayan su kan ce a sake gwadawa bayan kowace irin wannan tafiya. Na kuma san wani dattijo mai gyara wanda in ya sayar maka da na'ura sai ya zaunar da kai ya lissafa maka abin da ya gyara, da abin da ya kasa gyarawa, ya rage kuɗi saboda shi. Irinsa ba ya rasa masu saye.

Sai dai akwai waɗansu abubuwa da mai saye ba shi da hanyar saninsu sai an gaya masa, musamman a kan GPS. Taurarin GPS suna ƙirga makonni ne, in sun kai 1,024 sai ƙirgan ya koma sifiri. An fara ƙirgan a watan Janairu na 1980, ya koma sifiri a watan Agusta na 1999, ya sake komawa ran 6 ga Afrilu 2019. Waɗansu tsofaffin na'urori da ba a sabunta manhajarsu ba sun rikice a kan kwanan wata bayan ranar nan. Sa'an nan na'urar GPS ta safiyo, da yawa daga cikin ayyukanta a kulle su ke, sai an biya kamfani ya ba da lambar buɗewa, wadda ke ɗaure da lambar jikin na'urar. Biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya tana ba da awo na santimita nan take, ɗaya ba ta iyawa. Rediyon da ke cikinta ma, wanda aka yi domin wata ƙasa, ya kan yi aiki a zangon da wata ƙasar ba ta yarda da shi ba. Akwai kuma kayan sata, waɗanda ke tsallaka ƙasashe su ɓulla a kasuwar gwanjo. Dillalin da ya san ɗaya daga cikin waɗannan ya yi shiru, ya ci amana, ko da bai faɗi ƙarya da bakinsa ba.

Ba wai babu doka ba. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda kotunan Nijeriya suka daɗe suna aiki da ita, ta tanadi cewa in an sayar da abu bisa siffa, lalle ne ya dace da siffar da aka faɗa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba mai saye ikon mayar da kaya masu aibi. Malamai kuwa sun fi ni sanin cewa a fiƙihun Malikiyya ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma kowace shari'a hujja ta ke nema. In ka je ka ce na'ura tana ƙarya, dillali ya ce hannunka ne, alƙali ba zai leƙa ya gani ba. Wanda ba shi da takarda, gaskiyarsa ba ta da ƙafa.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan'uwana, tun da ya ke ba a fafe gora ranar tafiya. Na ɗaya, kafin ka biya ko kwabo, ka nemi lambar jikin na'ura, ka tambayi wakilin kamfanin da ya ƙera ta ko har yanzu a na samun kayan canjinta, ko kuwa an taɓa kawo rahoton an sace ta. Na biyu, ka nemi takardar saiti mai wannan lambar da kwanan wata na kusa, da sunan ɗakin gyaran da ya yi aikin. Na uku, a rubuta kwanakin gwaji a jikin rasit, su fara ƙirguwa daga ranar da kaya suka shiga hannunka. Na huɗu, a rubuta abin da garanti ya ƙunsa, da tsawonsa, da wanda zai biya kuɗin mota in an mayar, da yawan kwanakin da gyara zai ɗauka. Na biyar, a lissafa duk abin da ke cikin akwati, batir nawa, caja, waya, da ayyukan da aka buɗe a cikin manhaja. Dillalin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ɓata rai tun kafin ka biya, ya riga ya nuna maka yadda zai yi bayan ka biya.

Gwajin kansa ba wuya gare shi ba, yini guda ya isa. Domin lebur, ka kafa fegi biyu, tsakaninsu kamar mita 60. Ka tsaya a tsakiya daidai ka karanta sandar awo bisa kowanne, ka rubuta bambancin. Ka matsa kusa da ɗaya ka sake karantawa. In bambancin na biyu ya yi nesa da na farko fiye da 'yan milimita, saiti ya goce. Domin kusurwa, ka auna alama guda da fuska biyu, awon kwance su bambanta da digiri 180, awon tsaye kuwa in an haɗa su su ba da 360, ka kuma maimaita sau da yawa ka ga ko amsar na tsayawa wuri ɗaya. Domin nisa, ko ba ka da layin da aka san tsawonsa, ka jera fegi uku bisa miƙaƙƙen layi. Ka auna daga na farko zuwa na ƙarshe, sa'an nan ka koma na tsakiya ka auna gaba da baya. In guntayen biyu ba su ba da tsawon dogon ba, abin da ya ragu ko ya ƙaru shi ne kuskuren da ke shiga kowane awo. Ka leƙa idon da ke duban ƙasa, ka juya na'ura zagaye guda, ka ga ko alamar na zaune kan ƙusa. Ka bar batir ya yi aikin yini. Ba ni na ƙago waɗannan ba, a makaranta a ke koyar da su, kuma hukumar ma'aunai ta duniya ta tsara hanyoyin gwaji a fili a ƙarƙashin lamba ISO 17123, kashi na 2 domin lebur, na 3 domin tiyodolait, na 4 domin awon nisa, na 5 domin total-siteshan, na 8 domin awon taurari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka rubuta kowane awo da kwanan wata, a gaban shaida.

Ga dillalai kuwa, roƙona kaɗan ne. Ku kira kowane abu da sunansa. Wadda aka buɗe aka gyara aka gwada, a ce gyararriya. Wadda aka goge kawai, a ce ga ta yadda ta ke, ba garanti, a rage kuɗi, mai so ya saya da saninsa. In kuma an kawo ƙara, ku ɗauki waya, ku saurara, ku nemi a aiko muku da awon da aka yi, gama sau da yawa magana ta minti biyar ta kan nuna madubi ne aka saita ba daidai ba, a rabu lafiya. In kuwa aibin na gaske ne, ku karɓa, ku ba mutum wata ya riƙa aiki kafin a gama gyara, ko ku mayar masa da kuɗinsa. 'Yan safiyo ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Labarin dillali guda, na alheri ko na tsiya, ba ya kwana bai zaga su ba.

Ina kuma roƙon shugabannin sana'armu, da makarantun da ke koyar da ita, irin su Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su duba yadda za a sami layin gwaji mai turakun siminti kusa da kowane babban gari, inda kowa zai kai na'urarsa ya biya kuɗi kaɗan a gwada a ba shi shaida. In akwai wurin da mai saye da mai sayarwa duk suka yarda da hukuncinsa, yawancin gardamar nan za ta mutu tun ba ta kai kotu ba.

Ku kuma masu gidaje da gonaki, in an kawo muku mai awo, ba rashin kunya ba ne ku tambaye shi yaushe rabon da a gwada na'urarsa, ku ce ya nuna muku takarda. Mai gaskiya zai yi murna da tambayar. Turken da aka kafa yau, jikoki ne za su gaje shi, kuma gyaran iyaka bayan an yi gini ya fi sayen na'ura tsada nesa ba kusa ba.

Ina fata waɗansu 'yan'uwa da suka taɓa shiga irin wannan hali, da dillalan kansu, za su rubuto su faɗi nasu, don a ji ta kowane gefe. Allah ya sa mu gama lafiya. Haza wasalam.

Naka,
Wani Ɗan Safiyo